Tiramol, Kodin da Penta: Yadda Maganin Kashe Zafi Ke Aiki a Jiki da Yadda Yake Kama Mai Shan Sa

Idan likita ya rubuta wa majinyaci tiramol, abin da ya saba rubutawa shi ne miligiram 50 ko 100, kuma ƙa'idar maganin ba ta yarda babban mutum, ko da hantarsa da ƙodarsa lafiya lau suke, ya wuce miligiram 400 a yini guda ba. Amma ƙwayar da ke yawo a aljihun wasu 'yan dako da masu buga bulo da matuƙa keke a garin Kaduna ba wannan ba ce. Ita a jikin katinta 225 aka rubuta, wani lokaci 250, ƙarfin da hukumar NAFDAC ba ta amince a sayar da shi a Najeriya ba. Na taɓa zama a teburin wani mai shayi a wajejen Kawo bayan sallar asuba, sai wani matashi mai tura baro ya zauna kusa da ni, ya ɓare guda biyu ya watsa a baki, ya kora da shayi tun kafin a yanka masa burodi. Na ce, "Samari, ba ka da lafiya ne?" Ya ce, "Lafiya lau, Baba, ta aiki ce. In ban sha ba jikin ba ya tashi." Ke nan tun bai ɗauki kayan farko ba ya riga ya zarce abin da aka ƙayyade wa majinyaci na yini sukutum. Maganarsa cewa jikin ba ya tashi gaskiya ce, ba raki ba ne, kuma dalilin da ya sa ta zama gaskiya shi ne abin da ke bukatar bayani.

Tiramol ɗa ne a wani babban gida na magunguna da likitoci ke kira ofiyoyid, wato dangin ofiyom. Shi ofiyom ƙaro ne da ake tatsa daga kwanson wani fure da ake nomawa a ƙasashe irin su Afganistan da Miyanma da Indiya, kuma ɗan Adam ya san amfaninsa dubban shekaru da suka wuce. Wajen shekarar 1805 wani mai harhaɗa magunguna a Jamus, Friedrich Sertürner, ya ware sinadarin da ke yin aikin daga cikin ƙaron, wanda shi ne mofin. A 1832 aka ware kodin a Faransa. A 1898 kamfanin Bayer ya fito da hiroyin kasuwa a matsayin maganin tari, abin da a yau ke ba mutane mamaki. Sauran 'yan gidan ba daga fure suka fito ba, a ɗakin gwaji aka ƙera su: tiramol a Jamus a 1962, aka fara sayar da shi a 1977, fentazosin, wanda a nan aka fi sani da allurar penta, da fentanil, wanda ya fi mofin ƙarfi sau 50 zuwa 100. Sunayensu da ƙarfinsu sun bambanta, amma ƙofa guda suke ƙwanƙwasawa a cikin jiki.

Zafi saƙo ne. Idan wuƙa ta yanki yatsa, jijiyoyin wurin ne ke ɗaukar labari su kai lakar gadon baya, daga nan wasu jijiyoyin su karɓa su haura da shi ƙwaƙwalwa, kuma sai ya isa can ne mutum ke jin zafi. Waɗannan jijiyoyi ba a ɗaure suke da juna kamar igiya ba. A kowace mahaɗa akwai ɗan tazara, inda ta baya ke sakin wani sinadari, ta gaba ta karɓa ta ci gaba da tafiya, kamar yadda fasinja ke sauka daga wata mota ya shiga wata. A jikin waɗannan mahaɗu akwai wasu ƙananan gurabe da za a iya kwatanta su da kwaɗo, waɗanda mabuɗi na musamman kaɗai ke shiga cikinsu. A 1973 masu bincike suka tabbatar da samuwar waɗannan gurabe, nan take kuma tambaya ta taso: me ya sa jikin mutum zai zo da kwaɗon da ƙaron wani fure ke buɗewa? Amsar ta fito a 1975 daga garin Abadin na Sikotland, inda John Hughes da Hans Kosterlitz suka gano cewa jiki yana ƙera nasa mabuɗin. Wannan dangin sinadarai, da ake kira endofin, yana daga cikin abin da ke sa ɗan ƙwallo ya gurɗe a tsakiyar wasa ya ci gaba da gudu, sai an tashi ya kasa taka ƙafar.

Mofin da 'yan uwansa mabuɗan aro ne, masu shiga wannan kwaɗo da ƙarfin da ya zarce na jiki nesa ba kusa ba. Idan suka shiga, jijiyar da ke aika saƙo tana rage sakin sinadarinta, wadda ke karɓa kuma ta yi nauyin tashi, sai labarin zafi ya isa sama a raunane. Suna kuma taɓa sashen ƙwaƙwalwa da ke mayar da zafi ya zama damuwa, shi ya sa majinyacin da aka yi wa allurar mofin bayan tiyata kan ce zafin yana nan amma ya daina damunsa. A lura cewa babu abin da aka warkar. Ibufurofin yana rage kumburi a wurin da ciwon yake, shi kuwa ofiyoyid ɗan aike kawai yake tarewa a hanya. Bayan mai tura baro yana ci gaba da lalacewa a ƙarƙashin buhu, sai dai an toshe bakin da zai faɗa masa ya huta.

Da a kan hanyar zafi kaɗai waɗannan gurabe suke, da magana ta ƙare a nan. Suna nan a hanji, shi ya sa mai shan waɗannan magunguna ke fama da taurin bayan gida. Suna nan a wurin da ke tayar da tari, dalilin da ya sa aka zuba kodin a cikin maganin tari tun farko. Suna sa ƙwayar ido ta tsuke ta koma kamar kan allura. Mafi hatsari, suna nan a gindin ƙwaƙwalwa, a wurin da ke lura da taruwar gurɓatacciyar iska a cikin jini yana ba huhu umarnin ya ja numfashi ko mutum yana barci. Idan maganin ya yi yawa wannan mai gadi yana yin gyangyaɗi, numfashi ya riƙa jinkiri, daga goma sha biyu zuwa ashirin a minti ya sauko ƙasa da takwas, har ya tsaya. Yawancin waɗanda ƙwaya ke kashewa ta nan take kashe su, cikin barci, ba tare da ihu ko shure-shure ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 125,000 ne suka mutu ta wannan hanya a 2019. Hatsarin yana ninkuwa idan aka haɗa da giya ko ƙwayoyin sa barci irin su roci da diyazifam, domin su ma numfashin suke dannewa ta wata ƙofar dabam, kuma haɗa su ɗin shi ne abin da masu shaye-shaye da yawa suka saba yi.

Wuri na ƙarshe shi ne wanda jaraba ke tsirowa a cikinsa. A ƙwaƙwalwa akwai wata hanya da ke saka wa mutum da jin daɗi idan ya ci abinci bayan yunwa ko ya sha ruwa bayan ƙishirwa, ta hanyar sakin sinadarin dofamin, kuma da wannan ne take koya masa abin da ya kamata ya maimaita. Wasu jijiyoyi ne ke riƙe da birkin wannan hanya. Ofiyoyid yana ɗage ƙafarsu daga birkin, dofamin ya kwararo, ƙwaƙwalwa kuma ta rubuta a littafinta cewa wannan abu yana da muhimmanci irin na abinci, ta haɗa da wurin da aka sha shi da abokan da aka sha tare da su da lokacin da aka sha. Shi ya sa wanda ya yi watanni da dainawa zai iya wucewa ta wani lungu ya ji sha'awar ta taso masa kamar jiya ya bari.

Kodin da tiramol suna da wata ɗabi'a da ta sa ba a iya auna ƙarfinsu da ido. Kodin a karan kansa rauni gare shi, sai ya isa hanta wani sinadarin hanta ya juya ɗan kaso daga cikinsa, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100, ya koma mofin. Tiramol ma haka, hanta ce ke fitar da ɓangarensa mai ƙarfi. To, wannan aiki na hanta gado ne, kuma ba daidai yake a wurin kowa ba. Wani hantarsa da ƙyar take juyawa, ya sha bai ji komai ba, wani kuma tasa gaggawa gare ta, kwalbar da abokinsa ya shanye ya tashi ya tafi gida shi ta kwantar da shi. An gano cewa masu irin wannan hanta mai gaggawa sun fi yawa a Habasha da arewacin Afirka da wasu ƙasashen Larabawa. Wannan ne ya sa hukumomin magunguna a Turai da Amurka suka hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 kodin, suka kuma gargaɗi mata masu shayarwa, saboda mofin yana bi ta nono. Tiramol yana da ƙari a kan haka, domin yana ɗaga wasu sinadaran ƙwaƙwalwa biyu masu alaƙa da kuzari da walwala. Daga nan ne ƙarfin aikin da matasa ke nema ke fitowa, daga nan ne kuma jijjiga irin ta farfaɗiya ke fitowa idan an sha da yawa. Matashin da ba shi da tarihin farfaɗiya ya yanke jiki ya faɗi a bakin titi yana karkarwa, jama'a su taru wasu na cewa iska ce ta taɓa shi, alhali katin da ke aljihunsa ya isa bayani. Akwai kuma masu shan sa don daɗewa a shimfiɗar aure, ba su san cewa daɗewa ana shan ofiyoyid yana rage sinadarin mazakuta ba, har sha'awar kanta ta dushe.

Abubuwa uku ne ke faruwa da mai yawan sha, kuma mu a Hausa mukan dunƙule su a kalma ɗaya mu ce ya zama ɗan ƙwaya, abin da a ganina ke jawo zalunci a wani wuri da sakaci a wani wuri. Na farko shi ne jiki ya saba da maganin har adadin jiya ya daina aiki yau. Idan aka yi ta danna kwaɗon nan kullum, ƙwayoyin jijiya suna rage amsawa, wasu guraben ma su janye su ciki, sai mai guda ɗaya ya koma biyu, mai biyu ya koma huɗu. Mugun abin shi ne sabon ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa a ko'ina: jin daɗin yana dushewa da sauri, kariyar da numfashi ke samu ba ta cika ba, hanji kuwa kusan ba ya sabawa sam. Ke nan duk ƙarin da mutum ya yi don ya kamo daɗin farko yana matsar da shi ne kusa da adadin da zai tsayar masa da numfashi.

Na biyu shi ne dogaron jiki. Da yake maganin yana danne jijiyoyin da ke tayar da jiki, su kuma suna ƙara ƙaimi don su rama, kamar mutum biyu da ke tura ƙofa ɗaya daga ciki da waje. Ranar da aka janye maganin farat ɗaya, na cikin ya faɗo da ƙarfinsa duka. Cikin sa'o'i 8 zuwa 24 sai hamma da hawaye da yoyon hanci su fara, tsigar jiki ta tashi, gumi ya karyo, gaɓoɓi su ɗauki ciwo, ciki ya murɗa, gudawa da amai su biyo baya, barci ya ƙaurace. Abin yakan kai ƙololuwa a kwana na biyu zuwa na uku, ya lafa cikin mako guda ko kwana goma, mai barin tiramol kuma yakan haɗa da firgici da ƙuncin rai. Wannan ne ma'anar maganar matashin nan na teburin mai shayi. Ƙwayar asuba ta daina ba shi ƙarfi tuntuni, ciwon rashinta kawai take ɗauke masa don ya dawo daidai da sauran mutane. Dogaron jiki yana iya samun kowa, har majinyacin da bai taɓa saɓa umarnin likita ba, shi ya sa likita ke rage maganin sannu a hankali maimakon ya yanke shi rana ɗaya.

Na uku shi ne jaraba, kuma ita a hali ake gane ta, ba a jini ba: mutum ya yi niyyar shan ɗaya ya sha huɗu, ya yi alkawarin bari ya kasa, kuɗin cefane ya tafi kemis, ya ga aikinsa da aurensa suna rushewa ya ci gaba. Ba duk wanda ya sha ne ke kaiwa nan ba. Wanda aka ba mofin na kwana biyu ko uku bayan tiyata hatsarinsa kaɗan ne. Hatsarin yana ƙaruwa da tsawon lokacin sha da yawan adadi, da fara sha tun ana ƙuruciya, da ciwon damuwa, da tarihin shaye-shaye a gida.

Inda rashin bambance waɗannan uku ya fi ciwo shi ne wurin masu cutar sikila, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawansu, inda ake ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar a kowace shekara. Idan ciwon ya tashi, zafin ƙashi ne da farasitamol ba ya ko kusantarsa, ofiyoyid ne maganinsa na gaskiya. Sai ka ga yarinya tana murƙususu a kan gadon asibiti, ta ambaci sunan allurar da ta san tana yi mata aiki, a kalle ta a ce ta kamu. A ɗaya gefen kuma akwai wadda ta gaji da wannan kallo ta koma sayen penta a unguwa tana yi wa kanta a cinya, tun ana yi don ciwo har aka koma yi don kada jiki ya rikice. Penta tana ƙona naman da ake yawan soka ta, fata ta yi tauri kamar katako, gyambo ya buɗe ya ƙi warkewa, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Sau da yawa wulaƙancin farko ne ke haifar da halin na biyu.

Girman matsalar a ƙasa ya fito a binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018. An ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken, miliyan 4.6 daga cikinsu ofiyoyid na kemis suka sha ba da izinin likita ba, miliyan 2.4 kuma maganin tari, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Wannan adadi na mata bai ba wanda ya san yadda ake juye kodin a cikin gorar lemo a gidajen biki mamaki ba. A ranar 1 ga Mayu 2018, jim kaɗan bayan wani binciken BBC, gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Kwalba ta yi tsada, amma jikin da ya dogara bai san doka ba, sai kasuwa ta nemi wasu hanyoyin. A 2022 hukumar NDLEA ta kama ƙwayar tiramol sama da miliyan 13 a gida guda a Legas, a farkon 2025 kuma Indiya ta haramta wani haɗin tafentadol, wanda shi ma ofiyoyid ne, da maganin sassauta tsoka bayan an bankaɗo yadda ake jigilarsa zuwa Afirka ta Yamma.

A Amurka annobar ofiyoyid ta bi ta hannun likitoci ne, bayan da kamfanin Purdue Pharma ya fito da wani ofiyoyid mai suna OxyContin a 1996 yana tallata shi a matsayin mai ƙarancin hatsarin jaraba, abin da ya amsa laifinsa a kotu a 2007. Tamu ba haka take ba, domin mu asibitocinmu ƙarancin mofin suke fama da shi. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya nuna a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na mofin da ake rabawa a duniya. Mai cutar daji da ta ci jiki yana kwana yana nishi, iyalinsa na tsoron maganin saboda abin da suke gani a titi, wasu ma na ganin haramun ne, alhali malaman fiƙihu sun daɗe da bambance maye da magani na larura a hannun likita.

Game da wanda ya riga ya kamu, abin da iyaye da yawa suka sani shi ne a kai shi gidan mari. A Satumba 2019 'yan sanda suka fitar da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa da ke Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa, kuma a cikinsu akwai waɗanda danginsu ne suka kai su saboda shaye-shaye. Ko an ajiye maganar azaba a gefe, kulle mutum yana fitar da ƙwaya daga jininsa ne kawai, bai taɓa abin da ƙwaƙwalwa ta rubuta ba. Akwai kuma tarkon da mutane kaɗan suka sani: bayan makonni ba a sha ba, sabon da jiki ya yi yana zubewa, sai wanda aka sako ya koma kan adadin da ya saba sha a da, adadin da yanzu ya fi ƙarfin numfashinsa. Makonnin farko bayan fitowa daga kurkuku ko wurin tsarewa suna daga cikin lokutan da aka fi mutuwa. Jinyar da bincike ya fi tabbatar da amfaninta ita ce ta magungunan metadon da bufurenofin, waɗanda ke zama a kan kwaɗon nan a hankali na tsawon yini su kashe ƙishirwar ba tare da hawa da sauka ba, suna rage mace-mace da kusan rabi idan aka haɗa da shawarwari da bibiya, sai dai har yanzu ba su wadatu a ƙasar nan ba. A Kaduna, Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa yana da sashen kula da masu shaye-shaye, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

Idan aka tarar da mutum ya ƙi farkawa ko an girgiza shi, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashinsa na jinkiri ko yana wani irin minshari mai kama da shaƙewa, leɓɓansa da farcensa sun sauya launi, to ba barcin da za a bari ya wartsake ba ne. Ɗura masa madara ko manja ba ya karya maganin, sai dai ya bi ta huhu ya shaƙe shi, watsa ruwan sanyi ma ɓata lokaci ne. A kwantar da shi ta gefe, a ɗaga haɓarsa hanyar iska ta buɗe, a garzaya da shi asibiti tare da katin ko kwalbar da aka samu a kusa da shi. Akwai allurar naloksan, wadda ke tumɓuke ofiyoyid daga kan kwaɗon ta zauna a wurin, numfashi ya dawo cikin 'yan mintoci, ko da yake a kan tiramol aikinta rabi ne, domin ba ta hana jijjigar. Ƙarfinta yana ƙarewa cikin minti 30 zuwa 90, alhali ƙwayar da aka sha tana iya kai sa'o'i da yawa a jini, don haka wanda ya farfaɗo ya ce a mayar da shi gida zai iya sake suma a hanya, kuma dole ya zauna a gaban ma'aikatan jinya har sai likita ya sallame shi.